MAI BI DA BASHI

Karatu: Kubawar Shari'a 24:6-13, 2 Sarakuna 4:1-7, Matta 5:23-24.

Darasinmu na wannan wata a kan bashi ne. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, cikin ekklesiya ma haka ya ke. In ka duba jama'a ran Lahadi za ka ga mai bin bashi da wanda a ke bi suna zaune a benci ɗaya, suna raira waƙa ɗaya. Wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, sau da yawa in an tashi daga sujada ɗaya ya kan fita ta wannan ƙofa, ɗaya ta waccan, domin kada su gamu. Na zauna tare da dattawa a kan rigingimu da yawa tsakanin masu bi, na kuwa lura waɗanda suka fi wuyar sasantawa, in an bi sawunsu, a kan iske rance a gindinsu.

Ba zan fara da laifin wani ba. Zan fara da nawa, gama na sha wannan ruwa na san ɗacinsa.

BUHU BIYU NA MASARA

A daminar 2023, shekarar da gwamnati ta janye tallafin man fetur kaya suka yi tsada, abinci ya ƙare a gidana cikin watan Agusta. Mu takwas ne a gidan, har da yara biyu 'yan makaranta da iyayensu suka ajiye a wurinmu. Masarata tana gona, ta yi goyo amma ba ta nuna ba. Da dare na tafi wurin wani dattijo na ekklesiyarmu, manomi, sa'an mahaifina. Ban gama magana ba ya ce, "Malam, ya isa." A daren nan ya sa jikansa ya kawo mini masara buhu biyu a kan babur. Ya zaɓi dare domin kada maƙwabta su gani. Na ce masa da kaka zan mayar. Ba mu kira shaida ba, ba mu rubuta kome ba, ba mu sa rana ba.

Kaka ta zo, Allah ya ba ni amfani daidai gwargwado. Amma kafin in kai shi rumbu uwargidana ta kwanta ciwo, aka yi mata aiki a asibiti, na sayar da kusan dukan abin da na girbe na biya. Har nan ba ni da laifi, gama ba wanda ya ke kiran ciwo. Laifina ya fara ran da na ce a zuciyata, "Ba zan je wurin Baba hannu wofi ba, bari in sami ko rabin buhu tukuna." Ga ido wannan magana ta yi kama da ladabi, amma girman kai ne ya sa rigar kunya.

Nuwamba ya wuce, ban je ba. Da Kirsimati na ɗinka wa yara tufafi, ni ma na ɗinka sabuwar riga, na sa ta na hau na yi wa'azi, Baba yana zaune a benci na gaba inda ya saba zama. Hanyar da ta fi kusa daga gidana zuwa majami'a ta ƙofar gidansa ta bi, sai na koma zagayawa ta bayan makaranta. A watan Fabrairu matarsa ta kwanta rashin lafiya. Aikina ne in je in yi mata addu'a, amma na aiki mai bishara a madadina. Abin da ya fi muni, na soma ganin laifinsa. In ya ce, "Malam, ina gajiya?" sai in ji kamar masararsa ya ke tambaya. In ya kawo shawara a taron dattawa sai in ga kamar gadara ya ke yi mini. Mutumin da ya ciyar da 'ya'yana ya zama mini kamar abokin gaba, shi kuwa bai yi mini kome ba.

Zan faɗi yadda abin ya ƙare a ƙarshen darasin. Yanzu bari mu duba abin da Maganar Allah ta koya.

1. CIN BASHI BA ZUNUBI BA NE

Waɗansu suna koyarwa cewa Krista na gaske ba ya cin bashi. Littafi Mai Tsarki bai koya haka ba. A 2 Sarakuna 4 mun ga gwauruwa wadda mijinta yana cikin 'ya'yan annabawa, watau kamar ɗan makarantar Littafi Mai Tsarki ne na wancan zamani. Mutum ne mai tsoron Allah, annabi Elisha ma ya san shi da wannan, duk da haka ya mutu ana binsa bashi. Elisha bai zargi mamacin ba, bai kuwa zargi matar ba, sai ya tambaye ta abin da ta ke da shi a ɗaki. A Kubawar Shari'a 15:7-8 ma Allah ya umarci Isra'ilawa su ranta wa ɗan'uwa matalauci gwargwadon bukatarsa. Da karɓar rance zunubi ne, da Allah bai umarta a bayar ba.

Amma Misalai 22:7 ta yi mana gargaɗi, ta kwatanta mai cin bashi da bawa a hannun wanda ya ranta masa. Wanda ya taɓa cin bashi ya san gaskiyar wannan. Barcinsa ba nasa ba ne duka, amfanin gonarsa ma tun yana tsaye wani yana da rabo a ciki. Domin wannan sai mu bambanta bashin bukata da bashin nuna isa. Abinci, magani, takin zamani, kuɗin makaranta, waɗannan bukata ne. Amma akwai wanda ya ke ranto kuɗi domin bikin 'yarsa ya fi na maƙwabcinsa, akwai kuma macen da ta ke cin bashin atamfa domin kada a ce ba ta yi anko ba. Biki ya kan ƙare cikin kwana biyu, bashinsa ya kai shekara biyu. Kafin ka miƙa hannu ka tambayi kanka abu biyu: da me zan biya, yaushe kuma? In ba ka da amsa, gara ka faɗi gaskiya ka roƙi taimako, da ka kira abin rance alhali ka san ba za ka mayar ba.

2. INDA ZUNUBI YA KE SHIGA

Sa'ad da Adamu ya yi laifi a gonar Adnin, abin da ya fara yi shi ne ɓuya cikin itatuwa, Allah ne ya zo yana kiransa (Farawa 3:8-10). Haka 'ya'yan Adamu su ke yi har wa yau. Na lura a kaina, na kuma lura a kan waɗansu, abin yana tafiya mataki mataki. Na fari jinkiri ne: rana ta zo ba ka da shi, ka yi shiru. Na biyu ɓuya: ka sake hanya, ka ga lambarsa a waya ka ƙi ɗauka. Na uku ƙarya: "Gobe zan kawo," alhali ka san ba gobe, ko kuwa ka ce wa yaro, "Je ka ce ba na nan." Ya kai uba, ka tuna yaron nan da ka aika da ƙarya shi ne ka ke koya wa Dokoki Goma da yamma. Na huɗu ƙiyayya ce. Zuciya ba ta son ta zauna da laifi, saboda haka ta kan nemi laifin wanda ta cuta domin ta sami sauƙi.

Zabura 37:21 ta lasafta mai cin bashi ya ƙi biya cikin miyagu. Kalma ce mai nauyi, kada mu rage mata nauyi. Misalai 3:28 kuma ta hana mu yi wa maƙwabci jeka-ka-dawo sa'ad da abinsa yana hannunmu. Kuɗin rigar da na ɗinka da Kirsimati ba su kai buhu biyu ba, amma sun isa tiya da dama. Da na kai wa Baba su, da ya san ban manta ba.

Sai mu lura da koyarwar Ubangiji Yesu a Matta 5:23-24. Ya yi zancen mutumin da ya kawo baikonsa har gaban bagadi, a nan ya tuna akwai ɗan'uwan da ke riƙe da wata magana a kansa. Ubangiji ya umarce shi ya ajiye baikon, ya nemi ɗan'uwan su shirya tukuna, kana ya dawo ya miƙa. Wa aka ce ya tashi ya tafi? Wanda a ke da magana a kansa. Ba a ce ya jira a zo a same shi ba. Ashe kai da a ke bi, kai ne za ka fara taka ƙafa. Ga shi kuma an sa shiri a gaban baiko. Mutum ba zai iya toshe bakin Allah da baiko mai yawa ba, alhali masarar ɗan'uwansa tana cikinsa yana kuwa guje masa.

3. GA WANDA A KE BINSA

Ga abubuwa biyar da na koya, waɗansu daga Littafi, waɗansu daga kuskurena.

Na ɗaya, ku sa rana, ku sa ma'auni, ku kira shaida, ku rubuta. Mu kan ce, "Haba, tsakanin 'yan'uwa har sai an rubuta?" Manzo Bulus da Filimon aminai ne ƙwarai, duk da haka sa'ad da Bulus ya ɗauki nauyin bashin Onisimus, ya rubuta alkawarin biya da hannunsa (Filimon 18-19). Takarda ba ta rage ƙauna, tana tsare ta daga mantuwa da gardama. Ma'auni kuma ya zama a fili. Tsakanin lokacin da na karɓi masarar Baba da lokacin da na biya, farashin hatsi ya yi ta hawa. Da kuɗin buhu biyu na Agusta 2023 na mayar masa bayan shekara, da bai iya sayen buhu biyu da su ba. Ku daidaita tun farko: buhu za a mayar ko kuɗi?

Na biyu, in ranar ta zo ba ka da shi, ka je kafin a zo maka. Rana ba ta ƙarya. Ka tafi da ƙafarka, ka zauna, ka faɗi abin da ya same ka ba ƙari ba ragi, ka roƙi a ƙara maka lokaci. Mai bin bashi ya kan iya haƙuri da hannu wofi, abin da ba ya iya haƙuri da shi shi ne a mai da shi wawa.

Na uku, ka biya kaɗan kaɗan. Kada ka jira sai ka tara duka, gama kafin ka tara wata bukata za ta cinye. Mudu ɗaya da ka kai ya fi buhun da ka ke alkawari.

Na huɗu, ka lura da yadda Elisha ya jera wa gwauruwan nan al'amarin bayan da Allah ya cika tukwane da mai. Ya ce ta sayar, ta fara biyan bashin, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci abin da ya rage. Mu kuwa mu kan juya shi: mu ci, mu sha, mu ɗinka, in wani abu ya rage mu tuna da mai bashi. In Allah ya buɗa maka hanya, ka sani rabon mai binka yana ciki.

Na biyar, kada ka ɓoye wa matarka bashin da ka ci, ke ma kada ki ɓoye wa mijinki. Na ga gwauraye waɗanda a zaman makoki ne suka fara jin ana bin mazansu bashi, baƙin ciki ya zama biyu. Waɗanda Allah ya gama su zama ɗaya, kada su ware a kan aljihu.

4. GA MAI BIN BASHI

Yanzu bari mu juya wajen wanda ya bayar. Allah ya yarda ya karɓi abinsa, har ya riƙe jingina, amma ya kafa masa iyaka uku cikin Kubawar Shari'a 24.

A aya 6 an hana karɓar dutsen niƙa ko ɗan dutsensa jingina. A wancan zamani kowane gida da shi ya ke niƙa garin da za a ci, in ka ɗauke shi ka ɗauke tuwon gidan. Dutsen niƙa na yau shi ne keken ɗinkin tela, da garmar manomi da shanun nomansa, da babur ɗin ɗan acaɓa. In ka ƙwace abin da mutum ya ke neman abinci da shi, da me zai biya ka?

A aya 10 da 11 an hana mai bin bashi ya kutsa cikin gidan wanda ya ke bi domin ya ɗauki jingina. Zai tsaya a waje, mai gida ya fito masa da ita. Dubi yadda Allah ya kula da mutuncin matalauci. Ko ana binsa bashi, shi ne mai gida a gidansa, ba za a tozarta shi a gaban matarsa da 'ya'yansa ba. A zamaninmu an sami masu ba da rance ta waya waɗanda, in mutum ya makara, su kan aika wa dukan mutanen da ke cikin wayarsa saƙo suna ɓata masa suna. Mun ji haushin wannan, daidai ne. Amma wanda ya ba ɗan'uwa rance sa'an nan ya baza labarin a kasuwa, ko a taron zumuntar mata, ko ya kawo shi cikin sunan roƙon addu'a, aiki ɗaya ya yi da su.

A aya 12 da 13 an ce in mayafin matalauci ne aka riƙe, a mayar masa kafin rana ta faɗi domin ya rufa da dare. Wanda ya san sanyin hunturu ya san dalili. Hakkinka yana nan, amma bai fi lafiyar ɗan'uwanka ba.

Akwai kuma maganar ruwa. Littafin Firistoci 25:35-37 ya hana a ranta wa ɗan'uwa da ya talauce kuɗi da ruwa, ya kuma hana a ci riba a kan abincin da aka ba shi. A ƙauyukanmu an san al'adar ba da buhu ɗaya da damina a karɓi ɗaya da rabi, ko biyu, da kaka. Wannan ba jarin ciniki ba ne da za a raba riba, yunwar mutum ce a ke nomawa. Irin wannan ya faru a zamanin Nehemiya, wanda ya zo Urushalima wajen shekara 445 kafin haihuwar Kristi. Ana cikin ginin garu sai talakawa da matansu suka ɗaga murya. Waɗansu sun jinginar da gonaki da gidaje domin su sami hatsi, waɗansu sun ranto kuɗin harajin sarki, har an kai ga ba da 'ya'yansu bauta, masu yi musu haka kuwa 'yan'uwansu Yahudawa ne. Nehemiya bai ce a bari sai an gama aikin Allah ba. Ya tara jama'a, ya tsauta wa manya a fili, ya faɗa cewa shi da mutanensa ma suna ba da rance, ya sa aka mayar da gonakin da ruwan da aka karɓa, ya kuma sa suka rantse a gaban firistoci (Nehemiya 5:1-13). Ekklesiyar da ta ke gina majami'a alhali mai kuɗi yana cinye gonar matalauci a cikinta, ya kamata dattawanta su sake karanta wannan sura.

Abu ɗaya kuma, kai mai bin bashi: kada ka yi shiru kana ƙuna a ciki. Matta 18:15 ta nuna hanya, ka same shi kai da shi kaɗai ka faɗa masa. In bai ji ba, ka ɗauki dattijo ɗaya ko biyu. Tun farko ma kada ka ba da rancen da in ya ɓace za ka ƙi ɗan'uwanka saboda shi. In ba za ka iya ba, ka ce ba ka da hali, ko ka ba shi ɗan abin da ka iya kyauta.

5. BASHIN DA BA MU IYA BIYA BA

A Matta 18:23-35 Ubangiji ya ba da misalin bawan da sarki ya ke binsa talanti 10,000. Bari mu yi lissafi. Dinari ɗaya ladan ɗan ƙwadago ne na yini guda (Matta 20:2). Talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000 ne, watau aikin kusan shekara 20. Talanti 10,000 ke nan ladan yini miliyan 60. Ba mahalukin da zai biya wannan, amma sarki ya ji tausayinsa ya yafe masa duka. Da fitarsa ya gamu da abokin bautarsa wanda ya ke bi dinari 100, ya shaƙe shi, ya sa aka kulle shi. Dinari 100 ba abin banza ba ne, ladan kwana 100 ne, kowa zai ji zafin rashinsa. Ubangiji bai ce abin da a ke binmu ko mu ke bi ba shi da nauyi ba. Ya ajiye shi ne kusa da wancan babban bashi domin mu ga bambanci.

Mu ne bawan nan. Zunubinmu bashi ne a gaban Allah wanda ba aikin kirki, ba baiko, ba azumi da zai biya. Yesu Kristi ya ɗauke shi a kansa, ya biya da jininsa a kan gicciye. Wanda ya san an yafe masa wannan ba zai shaƙe ɗan'uwansa a kan buhun masara ba.

Amma a nan sai a yi hankali. Wannan misali an ba mai bin bashi ne domin ya yi jinƙai, ba a ba wanda a ke bi domin ya mai da shi sanda ba. Na sha jin masu cewa, "Ai shi Krista ne, sai ya yafe." Yafewa kyauta ce, mai abu ne ya ke bayarwa, ba a ƙwatarta. Zakka, ran da ceto ya shiga gidansa, bai ce tun da an gafarta masa maganar ta wuce ba. Ya tashi ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu (Luka 19:8). Alherin Allah ya kan sa mai abu ya sassauta, ya sa wanda a ke bi ya himmantu ga biya. In kowa ya riƙe nasa gefe, ba rigima.

YADDA MUKA ƘARE DA BABA

A ƙarshen Maris 2024, ran Asabar kafin Idin Tashin Ubangiji, ina shirin Jibin Ubangiji na kashegari. Uwargidana, wadda ta san kome, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, gobe da wane hannu za ka miƙa wa Baba ƙoƙon?" Ba ta ƙara kome ba, ta koma madafa. Na zauna ina duban littafin da ke gabana ban ga ko harafi ɗaya ba. Bayan cin tuwo na sa takalmi na bi hanyar da na yi wata biyar ban bi ba.

Na iske shi a zaure. Na tuɓe takalmi na durƙusa, na faɗa masa duka, har da maganar riga, har da zagayawa ta bayan makaranta. Na ce, "Baba, ka gafarta mini, na ci amanarka." Ya yi shiru har na zaci ba zai amsa ba. Sa'an nan ya ce, "Malam, na ji labarin asibiti tun a lokacin. Da ka zo ka faɗa mini, da na ce ka riƙe buhu ɗaya. Masara ba ta hana ni barci ba. Amma da tsohuwa ta kwanta, kullum sai ta tambaya ko Malam ya zo, ni kuwa in ce mata aiki ya yi maka yawa. Masara buhu biyu na ba ka, ban ce ka haɗa da zumuncinmu ka tafi da shi ba."

Na yi kuka a zauren nan kamar yaro. Shi ma ya ce yana da nasa laifi, gama ya ga ina guje masa amma kunya ta hana shi kirana, har ya soma gunaguni a zuciyarsa. Ba zan ɓoye muku ba, na sa rai zai ce ya yafe masarar. Bai ce ba. Ya ce, "Laifin na yafe. Masarar kuwa za ka biya, domin in ka hau wa'azi ka iya duban idona." Muka kira ɗansa ya zama shaida, muka rubuta: tiya biyar kowane wata, sauran da kaka, hatsi a bakin hatsi. Kafin in tafi na shiga na yi wa tsohuwa addu'ar da ya kamata in yi tun Fabrairu. Na gama biya a Nuwamba 2024. Daga baya na ji buhu na biyu bai kwana a rumbunsa ba, ya aika wa wata gwauruwa da shi, da dare, a kan babur ɗin nan.

Ya kai mai karatu, wataƙila akwai ƙofar da ka daɗe kana zagayewa, ko kuwa akwai wanda ka ke bi har ka daina amsa gaisuwarsa da zuciya ɗaya. Kada ka jira sai ka sami abin biya, kada kuma ka jira shi ya fara zuwa. Zumunci a ƙafa ya ke. Ka tafi wurinsa kafin Jibin Ubangiji mai zuwa.

TAMBAYOYI DOMIN BINCIKE

1. Me ya nuna mana a 2 Sarakuna 4 cewa mai tsoron Allah ma ya kan shiga bashi?
2. Bisa ga Matta 5:23-24, wa ya kamata ya fara neman shiri, don me kuma?
3. Faɗi iyaka uku da Allah ya kafa wa mai bin bashi a Kubawar Shari'a 24. Mene ne dutsen niƙa a garinku yau?
4. Me ya bambanta yafe laifi da yafe bashi? Wa ke da ikon yafe bashi?
5. Ta wace hanya dattawan ekklesiyarku za su taimaki masu bi da yunwa ta kama da damina, domin kada su faɗa hannun masu cin ruwa?

Aya ta haddacewa: Romawa 13:8.

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin Ɗanka ya biya abin da ba mu iya biya ba. Ka ba waɗanda a ke bi gaskiya da ƙarfin hali su daina ɓuya, ka buɗa musu hanyar biya. Ka ba masu bin bashi jinƙai da haƙuri. Kada ka bar kuɗi ko hatsi su raba waɗanda jinin Yesu ya gama. Cikin sunansa mu ke roƙo. Amin.